Sulhu da 'yan bindiga ko yaƙi da su, wai ina gwamnati ta dosa ne?

Ɗan Batsari:
Assalamu alaikum jama'a. Akwai abin da ya daɗe yana cin raina ina so mu tattauna shi tsakani da Allah ba da zagi ba. Tunda wannan bala'in na 'yan bindiga ya faro ni ban taɓa ganin gwamnati ta riƙe hanya ɗaya ta bi ta har ƙarshe ba, yau a ce sulhu gobe a ce ba sulhu sai wuta jibi kuma a koma sulhun. Gwamna Masari na Katsina ya yi sulhu da su a 2016, ya sake yi a 2019 har muka ga hotonsa tsaye kusa da wani riƙe da bindiga, daga baya da bakinsa ya fito ya ce sun ci amana ba zai ƙara ba. Matawalle ya hau a 2019 ya yi nasa a Zamfara, a 2021 ya juya aka rufe layin waya da kasuwanni. El-Rufai na Kaduna ya ce shi ba ya zama da su ba ya biyan ko sisi, Uba Sani da ya gaje shi ya zo ya yi sulhu a Birnin Gwari ƙarshen 2024. Dauda Lawal na Zamfara shi kuma ya ce babu sulhu. To dajin fa ɗaya ne, daga Rugu zuwa Kuyambana zuwa Kamuku duk a haɗe suke, ɓarawo bai san iyakar jiha ba, in aka matsa masa a nan sai ya tsallaka inda ake lallashinsa ya huta ya dawo. Ni a ganina wannan rarrabuwar kan ce take kashe mu fiye da rashin makami. Ku me kuka gani?

Maman Hanifa:
Wa'alaikumus salam. Ƙanena maganarka gaskiya ce amma don Allah duk wanda zai zagi sulhu ya fara kwana a cikin dawa da yara uku, ana ruwan sama kana toshe bakin na goye don kar ya yi kuka a ji ku. Ni na yi wannan kwanan ba sau ɗaya ba. Shekara uku ba mu noma gonarmu ta nesa ba sai 'yar ta bayan gida, buhun masara sai dai mu saya mu da muke sayarwa. Tunda dattawan yankinmu suka zauna da su bana mun shuka mun yi noman farko da na biyu ba wanda ya kore mu. Ban ce abin alheri ba ne zama da wanda ya kashe maka ɗan uwa, wallahi zuciyata ba ta so, amma yunwa ma kisa take yi.

Malam Habu Gusau:
Hajiya Allah ya ƙara kiyayewa, ba wanda zai ga laifinku. Laifin na wanda ya bar ku ne har kuka kai ga roƙon ɓarawo ya bar ku ku yi noma. Amma tambayata ɗaya, sun ajiye bindigogin?

Maman Hanifa:
Ina fa Malam. Da su suke shigowa kasuwa.

Malam Habu Gusau:
To kin gani. Abin da muka gani ke nan a Zamfara. Ku tuna da Auwalun Daudawa, shi ya jagoranci kwashe yaran makarantar Ƙanƙara a Disamba 2020, yara 344 aka karɓo, bayan wata biyu sai ga shi a Gusau ya rantse da Alƙur'ani ya miƙa bindigogi wai ya tuba, ba a rufa wata uku ba ya koma daji, can aka kashe shi a faɗan da ya haɗa shi da wasu 'yan dajin. Mutumin da ya sace ɗaruruwan yara bai ga ko ƙofar kotu ba, me kake tsammanin yaron da ke kallo daga ruga ko daga ƙauye zai koya? Zai koyi cewa bindiga ce ke sa gwamna ya san sunanka. Kuma ku duba abin da ya biyo bayan Ƙanƙara, satar ɗalibai a Kagara a Fabrairu 2021, Jangebe 'yan mata 279 a watan nan dai, Afaka, Tegina, Birnin Yauri duk a shekara ɗaya. Kasuwa ce ta buɗe.

Tsohon Soja:
Salamu alaikum. Na yi shekaru ina sanye da kaki kafin na ajiye, bari in faɗi abin da na sani don ina ganin mutane da yawa suna ɗauka soja ne maganin komai. Aikin soja shi ne ya shiga ya fatattaki abokin gaba, to bayan ya fatattake shi wa zai zauna a wurin? Ɗan sanda ne ya kamata ya zauna, da alƙali da malamin makaranta da ma'aikacin asibiti. Mu muna shiga daji mu ƙona sansani mu fito, sati biyu sun dawo sun kafa sabo saboda ba kowa a wurin. Sojan da ke Zamfara shi ne ake buƙata a Barno, shi ake buƙata a Filato da Binuwai da kudu maso gabas, kusan babu jihar da ba a jibge soja aikin cikin gida ba. 'Yan sandan ƙasar nan gaba ɗaya ba su kai dubu 400 ba ga mutum sama da miliyan 200, cikinsu kuma da yawa suna gadin manya da riƙe wa matansu jaka. Sannan hanya, wanda bai shiga yankin Ɗansadau da damina ba ba zai gane ba, motar sulke sai ta kafe a laka su kuwa a kan babur suke su uku uku, sun san kowane rafi da kowace tsangaya ta dajin. An canza sunan rundunar da ke wannan yaƙi daga Hadarin Daji zuwa Fansan Yamma, an kashe manya irin su Halilu Sububu a Satumba 2024 kuma wannan ba ƙaramin aiki ba ne yaranmu sun ba da jininsu, amma in ka kashe shugaba ba ka riƙe ƙasar ba yaransa sai su rabu gida uku kowa da dabarsa.

Ɗan Batsari:
Baba Allah ya saka da alheri, wannan bayani ya shiga. Amma ina da ƙorafi ɗaya kuma ba don in raina aikinku ba. Akwai daren da suka shigo ƙauyen kakannina tun bayan isha'i, aka yi ta kiran waya ana sanar da jami'an tsaro, wurin da suke bai kai tafiyar minti 30 a mota ba amma sai da gari ya waye suka iso, lokacin an riga an tafi da mutum tara da shanu. Mutanenmu abin da ke bakinsu kullum shi ne wai sai an jira umarni daga sama. Wane irin umarni ne wannan?

Tsohon Soja:
Ɗana ba zan kare abin da ban gani ba. Amma ka sani sau da yawa kiran da ake yi tarko ne, su kai hari ƙauye don su jawo motar jami'ai su yi mata kwanton ɓauna a hanya, an rasa yara da yawa ta haka. Mutum 15 ne a sansani da mota ɗaya, an ce maka mahara sun fi 100 cikin dare, in ka fita ka bar sansanin ma sai su cinye shi. Wannan ba uzuri ba ne ga wanda aka sace masa uwa, na sani. Abin da nake cewa a tambayi wanda ya tura mutum 15 inda ake buƙatar 100, kuma a tambayi ina kuɗin tsaron da ake warewa duk shekara suke shiga.

Ɗan Ardo:
Jama'a ku yi haƙuri in sa baki, ni Bafulatani ne kuma na san da yawa in an ce ɗan bindiga fuskar irina suke gani. Ba zan musa ba yawancin waɗanda ke dajin nan yaranmu ne kuma abin da suke yi ta'addanci ne, Allah ya isa tsakaninmu da su. Amma ku sani kafin su fara satar mutane shanunmu suka fara sacewa, mahaifina garke guda ya rasa a dare ɗaya har ya rasu bai ga ko maraƙi ba. Kuma abin bai faɗo daga sama ba. An cinye burtali an mayar gonaki, an toshe mashaya, saniya ta taɓa gona a kai ka wurin hukuma a tatse ka sai ka sayar da shanu biyar kan ɓarnar da ba ta kai tinkiya ba, sannan 'yan sa-kai suka zo suna tare Bafulatani a kasuwa su yanka shi a gaban jama'a ba tambaya ba shari'a. Yaron da ya ga an yi wa ubansa haka bai taɓa shiga aji ba bai san gwamnati da komai ba sai karɓa, shi ne yau yake riƙe da bindiga. Ni ba na goyon bayan a ba ɓarawo kuɗi ko mota, amma in gwamnati ba ta raba tsakanin makiyayi da ɗan ta'adda ba to kullum tana ƙara musu sojoji ne.

Sadiya 'yar Funtuwa:
Yaya Ɗan Ardo na ji zafin abin da ya sami mahaifinka Allah ya jiƙansa. Amma gaskiya wannan zancen na burtali ya wuce yanzu. Wanda ke karɓar miliyoyi kuɗin fansa yana sa wa ƙauye harajin noma yana yi wa matan aure fyaɗe ba burtali yake nema ba, ya ɗanɗana kuɗin banza ne. Sarkin Gobir na Gatawa da suka kama a 2024 suka wulaƙanta shi a bidiyo har ya rasu a hannunsu, dattijo mai rawani, shi ma burtalin ya cinye?

Ɗan Ardo:
A'a 'yar uwa, ban ce haka ba kuma ba zan taɓa cewa ba. Waɗannan hukunci kawai ya dace da su. Ina maganar na bayansu ne, yaran da ba su shiga ba tukuna. Kuma ki sani ba Fulani kaɗai ke cin wannan kasuwar ba, wa ke kai musu fetur da burodi da ƙwaya? Wa ke gaya musu wane ya sayar da hatsi yau akwai kuɗi a ɗakinsa? Infoma a cikin gari yake, wani ma maƙwabcinka ne kuna sahu ɗaya a masallaci.

Malam Habu Gusau:
Wannan kam gaskiya ne, kuma dalilin da aka bayar ke nan lokacin da aka rufe mana layin waya a Satumba 2021. Ni ɗan kasuwa ne bari in gaya muku yadda muka ji a jikinmu. An kashe sabis a Zamfara gaba ɗaya, daga baya aka ƙara da wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato da Kaduna, an rufe kasuwannin mako da kara, an hana sayar da mai a jarka, an hana safarar shanu a mota. Makonnin farko wallahi mun ga alamar sun jigata don har ana jin suna sakin mutane saboda ba abin ciyar da su. Amma mu fa? Sai ka hau mota ka tafi Funtuwa don kawai ka buga waya ko ka tura kuɗi, masu POS duk sun zauna, in an kawo hari ƙauye ba yadda za a sanar da kowa sai dai wani ya tako da ƙafa. Su kuwa na bakin iyaka sai suka koma amfani da layin Nijar. Da an haɗa rufewar nan da shiga daji gaba ɗaya a duk jihohin lokaci ɗaya da wataƙila an gama, amma aka matse su a wuri ɗaya suka malala Sakkwato da Neja da Kebbi, aka buɗe layi aka koma gidan jiya.

Ɗan Maraɗi:
Salam 'yan uwa na Najeriya, ni daga wannan ɓangaren nake ina bin maganar. Abin nan ya shafe mu kai tsaye, tun 2019 dubban mutane daga Sabon Birni da Isa da Jibiya suka tsallako jihar Maraɗi gudun hijira, wajen Gidan Runji da Madarunfa ma ana shigowa a saci mutane da dabbobi a koma da su dajin ku. A 2019 gwamnonin Katsina da Sakkwato da Zamfara sun zo Maraɗi sun zauna da gwamnanmu kan tsaron iyaka kuma lokacin an ɗan ga amfanin haɗin kai. Bayan juyin mulkin Yuli 2023 da aka rufe iyaka aka yanke wuta sai zumuncin gwamnatocin ya yi sanyi, talaka mai ɗan buhunsa shi aka tare a kan hanya amma mai bindiga ta daji yake bi bai taɓa tsayawa a shinge ba. Ga kuma 'yan ta'addan Lakurawa da suka ɓullo wajen Tangaza da Gudu. Ko me ke tsakanin Abuja da Yamai ya kamata a ware maganar iyaka daban, don mu da ku dangi ne, kakata 'yar Katsina ce.

Barista:
Na karanta duka, bari in kawo ɓangaren doka don a nan ne amsar tambayar Ɗan Batsari take. Sashe na 14 na tsarin mulkin 1999 ya ce tsaro da walwalar jama'a su ne babban dalilin kafa gwamnati. Amma sashe na 214 ya ce rundunar 'yan sanda ɗaya ce tak a ƙasar, ta tarayya. To gwamna ana kiransa shugaban tsaron jiharsa amma kwamishinan 'yan sanda daga Abuja yake karɓar umarni, soja kuwa ba a ma magana. Shi ya sa kowane gwamna yake laluben abin da hannunsa zai iya kaiwa, wani sulhu wani rufe kasuwa wani kafa rundunar sa-kai ta gwamnati, Dikko Raɗɗa ya ƙaddamar da ta Katsina a Oktoba 2023, Dauda Lawal ya ƙaddamar da Askarawan Zamfara a Janairu 2024, Sakkwato ma ta yi nata. Yaran nan suna ƙoƙari kuma sun san daji amma doka ba ta ba su damar riƙe irin makamin da ɓarayin ke riƙewa ba. Abu na biyu da ya fi damuna shi ne hukunci. Kotun tarayya ta ayyana 'yan bindigar nan a matsayin 'yan ta'adda a Nuwamba 2021, gwamnati ta sa a gazet a Janairu 2022, amma a Yuli 2022 aka naɗa Ado Aleru Sarkin Fulani a 'Yandoto da rana tsaka, mutumin da 'yan sandan Katsina suka sa ladan naira miliyan 5 a kansa. An dakatar da sarkin da ya naɗa shi, shi kuwa ya koma dajinsa lafiya lau. In doka ta ce mutum ɗan ta'adda ne kuma aka gan shi a taro ba a kama shi ba, to me ya rage wa dokar?

Sadiya 'yar Funtuwa:
Barista to 'yan sandan jiha su ne mafita ke nan?

Barista:
Ina goyon baya amma da sharaɗi. Tsoron da mutane ke yi gwamnoni za su mayar da su karnukan farautar 'yan adawa ba tsoron banza ba ne, an ga abin da 'yan dokan En'e suka yi wa 'yan jam'iyyar adawa ta NEPU a jamhuriya ta farko, kakanninmu suna ba da labari. Kuma jihar da ke fama da biyan albashin malaman firamare in ta ba matasa bindiga ta kasa biyansu wata uku kin san abin da zai biyo baya. Sai an tsara wa zai ɗauke su aiki, wa zai hukunta su in sun yi kisa ba bisa ƙa'ida ba, kuma a sa kowace ƙabila a ciki har da Fulani, in ba haka ba 'yan sa-kan da Ɗan Ardo ya yi magana ne za a ɗinka wa kaki.

Abban Khalifa:
Ni daga Igabi nake kuma duk masu cewa a yi ta ruwan bama-bamai kawai ina roƙonku ku tuna da Tudun Biri. Daren 3 ga Disamba 2023 mutane suna Mauludi jirgi mara matuƙi na soja ya sakar musu bam, waɗanda suka zo ɗaukar gawa aka sake sakar musu na biyu, hukumar agajin gaggawa ta ce mutum 85 aka binne, yawanci mata da yara. Sojan ƙasa sun amsa cewa su ne kuma kuskure ne. Na je ta'aziyya na ga ramin da aka jera su, har yau in na tuna abinci ba ya shiga. Ba na cewa a daina amfani da jirgi, shi suka fi tsoro, amma wanda zai danna ya tabbatar da abin da yake gani, kuma a samu mutanen ƙasa da za a tambaya. Ƙauyen da aka yi wa haka gobe in sun ga ɓarayi sun wuce da wane ƙarfin zuciya za su kira hukuma?

Tsohon Soja:
Allah ya jiƙansu da rahama. Wannan rana ce ta baƙin ciki ga duk wanda ya taɓa sa kaki. Kuma abin da ka faɗa a ƙarshe shi ne gaskiyar aikin, ba a cin wannan yaƙi sai da bayanan sirri daga mutanen gari, su kuma ba za su ba ka ba sai sun yarda za ka rufa musu asiri kuma gobe kana nan. Mutum ya kai rahoto da safe da yamma ɓarayi sun san shi ya kai, wa zai ƙara?

Ɗan Batsari:
To ni dai har yanzu ina kan bakata. Ban ce kar a taɓa magana da su ba, ko yaƙin duniya a tebur aka ƙare shi, amma a yi shi da murya ɗaya daga Abuja har jihohin duka, mai ƙarfi ya zama gwamnati ce, a karɓi makamai a ƙirga su a gaban jama'a, wanda ya yi kisa ya fuskanci alƙali, yaran da aka ja a ba su makaranta da sana'a, sannan a kai ofishin 'yan sanda da hanya da asibiti cikin yankunan nan a zauna. Abin da ake yi yanzu dagaci da limami ne ake turawa su zauna da mai AK47 su ba su da ko sanda, wannan ai ba sulhu ba ne miƙa wuya ne. Yaya Maman Hanifa don Allah in tambaye ki, a zaman da aka yi a wajenku akwai abin da aka rubuta? Akwai wanda zai tsaya muku in suka karya?

Maman Hanifa:
Ni dai ban ga takarda ba ƙanena, mu mata ma ba a kira mu ba, abin da maigidana ya dawo ya gaya min shi ne an ce su daina shigowa da dare su saki waɗanda ke hannunsu, mu kuma a bar su su shigo kasuwa da asibiti kar a taɓa su. Sun saki wasu, cikinsu akwai 'yar ƙanwata da ta yi wata huɗu a can, ta dawo ba ta magana sosai har yanzu. Ranar kasuwa ina ganin wanda aka ce shi ya tafi da ita yana sayen lemo a rumfar da ke kallon tawa, in na ɗago sai in sunkuyar da kai. Jakar kayan yara kuwa ban kwance ta ba tana nan bayan ƙofa a ɗaure. Gero dai mun yanka mun shigar rumbu, dawa ce ta rage a gona sai nan da wata guda, ku taya mu addu'a mu kai ga girbinta.